Harshe Ya Yi Nauyi, Hali Ya Sauya: Yadda Ake Binciken Barcin Mutum a Gida, Mataki-Mataki

Tambayar da masu karatu suka fi aiko mini a 'yan watannin nan, daga Garwa, Marwa, Kuseri har Njamena, kusan guda ce. Wata ta ce maigidanta direban babbar mota ne, in ya dawo daga tafiya ba a yi masa magana biyu, ta uku faɗa ce. Wani ya ce mahaifinsa yana cikin zance sai kalma ta ɓace masa, ya kira jika da sunan ɗa. Wata kuma ɗanta ne ke tashi tsakar dare yana sambatu ido buɗe, da safe a tambaye shi ya ce sam bai san an yi ba. Kowa so yake ya san abu ɗaya: gajiya ce, ciwo ne, ko halin ne ya lalace?

Shawarata ita ce kada a yanke wa mutum hukunci, kada kuma a sayo masa ƙwaya, sai an ƙirga barcinsa. Aikin mako huɗu ne: biyu na bincike, biyu na gyara. Kayan aikin kuwa littafin rubutu irin na 'yan makaranta, biro, waya mai agogo da ɗaukar murya, da tef ɗin awon tela. Littafi da biro ba za su ci maka jaka guda ta sefa ba, tef kuwa aro ma ya isa. Abin da ya fi wuyar samu shi ne mutum na biyu mai haƙuri da zai riƙa lura.

1. Fara kawar da abin gaggawa

Gajiya a hankali take shiga, kuma in mutum ya huta tana sakin sa. Nauyin bakin da ya faɗo lokaci guda wani abu ne daban. Ka ce masa ya washe haƙora, ya ɗaga hannuwa biyu ya riƙe su a sama, sannan ya maimaita gajeriyar magana kamar "yau kasuwa ta cika". In baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya zube, ko maganar ta fito a cakuɗe, to alamar shanyewar ɓarin jiki ce. Ka duba agogo ka riƙe lokacin da abin ya fara, ku kama hanyar asibiti. Ko alamun sun wuce bayan mintuna kaɗan, ku je.

Gargaɗi: kada a ɗura masa komai a baki, ruwa ne ko magani, domin haɗiya na iya gagararsa ya shaƙe. Kada kuma a ce "bari ya ɗan kwanta, zai warware". Addu'a a yi ta a cikin mota.

Haka nan a ajiye wannan jagora a nufi asibiti idan ruɗewar ta zo da zazzaɓi mai zafi (da rani a tuna da sanƙarau, tunda yankinmu na cikin inda yake yawan ɓulla, da damina kuma zazzaɓin sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa), ko bayan faɗuwa a babur da bugun kai, ko ga mai ciwon suga da ke shan magani ya kama gumi da rawar jiki. Akwai wasu biyu da ake yawan kai wa wani wuri kafin asibiti: maijegon da ta daina barci a makonnin farko na haihuwa tana faɗin abin da ba shi da kai, da wanda ya kwana uku ko huɗu bai runtsa ba amma bai gaji ba, sai zuba yake yi kamar an kunna shi, yana rabon kuɗi. Duka biyun aikin likita ne, kuma a ranar.

2. Nemi shaida, sannan ka iya buɗe zancen

Mai ƙarancin barci shi ne na ƙarshen sanin halin da yake ciki. A wani bincike da aka wallafa a 2003 daga Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, an taƙaita wa mutane barci zuwa awa 6 na tsawon kwana 14. Ƙwazonsu ya yi ta raguwa har ya kai na wanda ya kwana ɗaya zuwa biyu bai yi barci ba ko kaɗan, amma da aka tambaye su, cewa suke ɗan barci-barci kawai suke ji. Saboda haka "ni lafiyata ƙalau, na saba" ba hujja ba ce. Ana buƙatar wanda ke kwana ɗaki ɗaya da shi: mata, miji, ɗan'uwa, ko abokin kwana a wurin aiki.

Yadda aka buɗe zancen shi ke sa a samu haɗin kai. Kada a tayar da shi lokacin da ake cikin fushi, kuma kada a fara da laifi. Mace ta ce: "Maigida, jiya na ji numfashinka yana tsayawa cikin barci, hankalina ya tashi. Ka bar ni in riƙa rubutawa na mako biyu mu gani." Ɗa ya ce: "Baba, na ga kwanan nan gajiya na damun ku, ko za mu duba yadda kuke samun barci?" Wanda ya fara da "ka cika faɗa" ya rufe ƙofar tun bai shiga ba.

Gargaɗi: kada a ɗauki muryar babba ko bidiyonsa yana barci ba da izininsa ba, kuma abin da aka ɗauka kada ya fita zuwa WhatsApp na dangi. Na likita ne kawai.

3. Buɗe littafin barci na kwana 14

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma a nan aka fi yin kasala. Ka ja layi a shafi biyu masu kallon juna, kowace rana da layinta. Shafin hagu na safe ne, a cika shi bayan sallar asuba ko wajen karin kumallo: ƙarfe nawa ya kwanta, wajen ƙarfe nawa barci ya ɗauke shi, sau nawa ya farka da dalili (fitsari, zafi, sauro, kukan jariri, ko haka kawai), ƙarfe nawa ya tashi, da kuma ko ya koma bayan asuba. Shafin dama na dare ne: ƙailula da tsawonta, kofin shayi ko Nescafé nawa da lokacin na ƙarshe, goro, sigari, lemon ƙara kuzari, duk wata ƙwaya ko da ta mura ce, sai layi ɗaya kan maganarsa da halinsa a ranar.

Ga yadda lissafin ke fita. Ɗan kasuwa ya dawo daga kallon ƙwallon Turai, wadda takan tashi wajen 11 na dare, ya kwanta 11:30, ya ɗan taɓa waya, barci ya ɗauke shi 12:00. Ya tashi 4:45 don asuba, daga masallaci sai shago. Awa 4 da minti 45 ke nan. Ya yi ƙailular rabin awa, jimla awa 5 da minti 15. Babba na buƙatar aƙalla awa 7, saboda haka kullum ana bin sa awa 1 da minti 45, a mako ya haura awa 12. Wannan bashi ne, kuma harshe da zuciya ne ke fara biyan kuɗin ruwansa. Ma'aunin yara ya fi haka: 'yan shekara 13 zuwa 18 awa 8 zuwa 10, 'yan 6 zuwa 12 awa 9 zuwa 12, 'yan 3 zuwa 5 awa 10 zuwa 13 har da barcin rana.

Kurakuran da aka fi yi: ƙirga lokacin kwanciya a matsayin lokacin barci, tara kwana uku a cika su rana ɗaya da ka, mantawa da goro domin ba a ɗauke shi abin sha ba, da kuma kafa wa agogo ido da dare don a samu lamba daidai, abin da shi kansa ke hana barci. Kintace ya wadatar. Kada kuma a buɗe littafin a goman ƙarshe na azumi, ko makon biki, ko zaman makoki. A jira rayuwa ta koma yadda ta saba. A waɗannan makonni biyu kada a sauya komai, ana kallo ne kawai.

4. Saurari harshe, lura da hali da rana

Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke zaɓo kalma, ya tsara zance, ya kuma taka wa fushi burki, yana cikin waɗanda rashin barci ke fara raunanawa. Shi ya sa alamun ke bayyana a baki tun mutum bai fara gyangyaɗi ba.

A magana, ka lura da waɗannan: murya ta zama shimfiɗaɗɗiya ba hawa ba sauka, yawan "abin nan, wannan abin, me ma ake ce masa", fara zance a bar shi a tsakiya, maimaita labarin da aka bayar ɗazu, haɗiye ƙarshen kalmomi, amsa tambayar da ba ita aka yi ba. Mai i'ina sau da yawa takan ƙaru masa in ya gaji. Mu da muke juya harshe uku ko huɗu a yini, Hausa a gida, Fulatanci ko Larabcin Shuwa a kasuwa, Faransanci a ofis, sai a lura ko yana cakuɗa su a inda da ba ya yi.

Akwai ɗan gwajin da nake ba da shawara, na minti ɗaya. A ce ya lissafo sunayen dabbobi iya yawan da zai iya, ana ɗauka a waya, a ƙirga. A yi shi wajen 10 na safe, ranar da ya samu barci sosai da ranar da bai samu ba, ana sauya jigo: yau dabbobi, gobe garuruwa, jibi kayan miya. Adadin da ya samu ba ruwanka da shi, kuma kada a gwada shi da wani. Bambancin da ke tsakanin ranakunsa shi da kansa ake nema. In ranar da ya ƙoshi da barci harshen ya sake, an kama bakin zaren. In kuwa ko ya yi barci ko bai yi ba abin bai motsa ba, ko yana ƙara lalacewa wata bayan wata, musamman ga dattijo, to a rubuta wannan da jan biro domin likita.

A hali kuwa: saurin hasala kan abin da bai kai ya kawo ba, ɗaukar wasa a matsayin raini, kuskuren canji a shago, yawan shakkar raka'a a sallah, ajiye makulli a manta, yanke shawarar ciniki da garaje, kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Wani bincike na 2007 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya nuna cewa bayan kwana guda ba barci, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro da fushi ya ƙara zabura da kimanin kashi 60 cikin 100 idan aka nuna wa mutum hotuna masu tayar da hankali.

Yara nasu a juye yake. Yaron da barci bai ishe shi ba ba lallai ya yi laushi ba, sau da yawa ƙiriniya yake ƙarawa, ya kasa zama wuri ɗaya, ya yi kuka kan ƙaramin abu. Yaron da ke karatun allo da asuba, boko da hantsi, islamiyya da yamma, talla ko talabijin da dare, a ƙirga masa awanninsa kafin a ɗauko bulala.

Gargaɗi: gajiya na bayyana dalilin saurin fushi, amma ba ta wanke mai duka ko zagi. Matar da ake dukanta ba littafin barci take buƙata da farko ba, manya take buƙata su shiga maganar.

5. Yi gadin dare uku

Mai lura ya zaɓi dare uku cikin kwana 14 ɗin, ya jinkirta barcinsa da awa ɗaya ko biyu, ya rubuta abin da ya gani da lokacinsa. Lokacin na da muhimmanci, domin barci mai zurfi ya fi yawa a farkon dare, mafarki kuma ya fi yawa wajen asuba.

Minshari shi ne abin dubawa na farko. Minshari mai tafiya daidai ba ya tsayawa bai cika zama abin tsoro ba. Wanda ake nema shi ne mai yankewa: ƙara, sai shiru, ƙirji na ƙoƙari iska ba ta shiga, sai ya zabura da gurnani kamar an shaƙe shi. Ka ƙirga daƙiƙun shirun. Daƙiƙa 10 ko fiye, kuma yana maimaituwa, alamar toshewar numfashi cikin barci ce. Mai wannan ciwo na iya kwanciya awa 8 ya tashi kamar bai kwanta ba, da ciwon kai, da busasshen baki, da yawan fitsarin dare, da barci a zaune cikin mutane. Ka auna wuyansa da tef: ya haura santimita 40, ga ƙiba, ga hawan jini, zargin ya ƙara ƙarfi. Siriri ma na iya samu.

Maganar barci kuwa, ita kaɗai ba ciwo ba ce, kuma ta fi yawa ga yara. Abin da nake roƙo shi ne kada a mayar da ita shaida. Sunan da ya fito daga bakin mai barci ba ikirari ba ne, kuma yi masa tambayoyi don a tatsi sirri zalunci ne, tunda ba da hankalinsa yake amsawa ba. Gidaje sun rikice a kan wannan ba gaira ba dalili.

Yaron da ke tashi a awanni biyu ko uku na farkon dare yana ihu ko tafiya, ido buɗe amma bai gane kowa ba, kada a girgiza shi ko a watsa masa ruwa. A kama hannunsa a hankali a mayar da shi shimfiɗa. Yawancinsu suna dainawa da girma, kuma ƙarancin barci da zazzaɓi ne ke tayar da abin. Haɗarin a muhalli yake: da bazara, lokacin da kowa ke kwana a tsakar gida ko saman soro, irin wannan yaro ba ya hawa soro. A rufe rijiya, a kashe garwashi, a sa sakata a ƙofar waje.

Dannau, wato mutum ya farka ya kasa motsi ko magana yana jin an danne masa ƙirji, yana faruwa ne idan hankali ya farka jiki bai gama fita daga yanayin mafarki ba. Yakan wuce cikin daƙiƙu ko mintuna kaɗan, ya fi kama mai barci a rigingine da mai bashin barci. Ya yi addu'arsa, ya kwanta ta gefe, ya kuma cika awanninsa.

Uku ne a wannan mataki ba a gyara su a gida. Dattijon da ya haura 50 yana naushi da harbi wajen asuba, in an tashe shi ya ba da labarin mafarkin faɗa dalla-dalla. Wanda ke sandarewa yana jijjiga, ya ciji harshe ko ya saki fitsari, domin farfaɗiya na iya zuwa cikin barci kaɗai. Da kuma matashin da barci ke kayar da shi da rana ko'ina, in ya yi dariya sosai gwiwarsa ta saki, maganarsa ta lauye na ɗan lokaci.

6. Karanta littafin

Rana ta 15 ku zauna tare. Littafin zai faɗa ɗaya cikin gida uku. Na farko: awannin ba su kai ba domin ba a ba barci lokaci ba. Wannan ya fi yawa nesa ba kusa ba, maganinsa mataki na 7. Na biyu: lokaci na nan, ya kwanta, barcin ne ya ƙi zuwa, fiye da rabin awa yana juyi, aƙalla dare uku a mako. Ya bi mataki na 7 da na 8, in ya kai wata uku a haka ya haɗa da likita. Na uku: awanni sun cika amma gajiya da nauyin baki na nan. Wannan ya tsallake zuwa mataki na 10.

7. Gyaran mako biyu

A fara da lokacin tashi, domin shi ne ba ya motsi. Mai tashi asuba wajen 4:45 ya ƙirga awa 7 baya: 9:45 na dare. In hakan ya gagara saboda shago ko hira, ya kwanta 10:30 ya cike da komawa bayan asuba ko ƙailula. Kada a ja lokacin kwanciya da awa biyu dare ɗaya, a riƙa matso shi da minti 20 zuwa 30 duk bayan kwana biyu.

Sai shayi, wanda a nan ne ake kai ruwa rana. Sinadarin kafeyin da ke cikin shayi, kofi da goro yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin rabinsa ya bar jini. Shayin 'yar buta da ake dafawa a majalisa bayan isha, musamman zagayen farko mai ɗaci, yana nan a jiki har tsakar dare. Dokar ita ce daga la'asar an rufe: ba shayi mai ƙarfi, ba Nescafé, ba goro. Ba sai an bar majalisa ba, a karɓi na citta ko na zoɓo.

Gargaɗi: wanda ya saba da kofi biyar ko shida kada ya yanke rana ɗaya, ciwon kai zai kama shi na kwanaki ya ce gyaran ne bai karɓe shi ba. Ya fara da cire na dare.

Ƙailula minti 20 zuwa 30 bayan azahar, a sa ƙararrawar waya. In ta zarce awa guda mutum kan tashi da magagi, in ta kai bayan la'asar ta cinye barcin dare. Waya kuma ta kwana nesa da shimfiɗa, aƙalla rabin awa kafin kwanciya.

Zafi sai an yi masa dabara. Daga Maris zuwa Mayu, Garwa, Marwa da Njamena kan haura digiri 40 da rana, ɗakin kwano kuma yana riƙe zafin har dare, ga ɗauke wuta. Wanka kafin kwanciya, buɗe taga biyu masu fuskantar juna, jiƙa zani a rataya a gaban fanka ko taga, ko a fita tsakar gida. In an fita, gidan sauro ya biyo, ga shi ana raba shi kyauta lokacin gangami. Da hunturu kuwa ƙura ke toshe hanci ta ƙara minshari, a wanke hanci da ruwan gishiri mai tsabta kafin kwanciya. Mai minshari ya kwanta ta gefe, tuwo mai nauyi kuma a ci shi awa biyu kafin barci.

A ci gaba da cika littafin, a sake gwajin minti ɗaya a ƙarshen mako na biyu. Dare ɗaya na dogon barci ba ya biyan bashin watanni, saboda haka kada a karaya a rana ta uku.

8. Idan barcin ne ya ƙi zuwa

Mai wannan matsala kuskurensa shi ne ƙara lokacin kwanciya: ya shige ɗaki tun 8 yana jiran barci, ya kwana juyi da lissafin bashi. Ya daina kwanciya sai ya ji barci na fizgarsa. In ya kai kamar minti 20 bai yi ba, ya tashi ya zauna a wuri mai ƙarancin haske, ya ja carbi ko ya saurari karatu a hankali, in barci ya zo ya koma. Ko sau nawa ne. Da safe ya tashi a lokacinsa ko daren ya yi muni, kuma shi a wannan mako ba shi da ƙailula. Damuwar gobe a rubuta ta a takarda tun da magariba.

Gargaɗi: ƙwayar barci ta masu tallan magani a tire, irin su diyazefam, tana kama jiki cikin makonni, tana sa nauyin harshe da mantuwa washegari, ga mai toshewar numfashi kuwa tana ƙara tsawaita yankewar. Wanda ya riga ya daɗe yana sha kada ya daina lokaci guda, domin hakan na iya jawo jijjiga, likita ne zai rage masa a hankali. Mai farfaɗiya kuma kada ya rage wa kansa barci da sunan wannan mataki.

9. Direba, ɗan babur da mai gadi

Bincike a Ostareliya ya nuna cewa awa 17 ba barci na rage ƙwazo kamar na wanda giya ta kai gram 0.5 a kowace litar jininsa. Wanda ya tashi 5 na asuba, 10 na dare ya cika awa 17. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a daƙiƙa guda, gyangyaɗin daƙiƙa 4 mita 100 ke nan ba direba. Ka ƙiyasta wannan a gangaren dutsen nan da ake kira falez tsakanin Ngaundere da Garwa da kaya a baya.

Yaron mota shi ne shaida a nan. In ya ji maigidansa ya yi shiru mai tsawo, ko amsarsa ta zama "uhm" kawai, ko ya kasa faɗin garin da aka wuce yanzu, ya ce: "Maigida, mu ɗan tsaya in duba taya." A tsaya a wuri mai aminci, a sha kofi, a kwanta minti 15 zuwa 20. Buɗe gilashi, ƙara sautin rediyo da wanke fuska ba sa riƙe mutum sai 'yan mintuna. Lokutan da suka fi haɗari su ne 2 zuwa 6 na asuba da kuma bayan azahar.

Gargaɗi: tramol ba ya maye gurbin barci. Ɓoye gajiyar yake yi, yana kama jiki, yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba, kuma shi kansa yana sauya magana da hali. In yana cikin lissafi, a rubuta shi a littafi da gaskiya.

Mai gadi ko ma'aikaciyar jinya da ke kwana aiki su keɓe awa 4 zuwa 5 a jere da safe a ɗaki mai duhu, su ƙara awa ɗaya ko biyu kafin komawa aiki, iyali kuma su san wannan lokacin ba na aike ba ne.

10. Zuwa asibiti

A tafi da littafin, da muryar ko bidiyon da aka ɗauka, da duk magungunan da yake sha a cikin kwalayensu, da shaidar da ta yi gadin dare. A fara da cibiyar lafiya ta kusa ko likitan gama-gari, tunda ya fi sauƙin kuɗi, kuma shi zai tura babban asibitin Garwa, Marwa, Ngaundere ko Njamena in da buƙata. Kada a ce "ba ya jin daɗi" kawai. A ce: "Yana barci awa 8, numfashinsa na yankewa fiye da daƙiƙa 10, da rana yana barci a zaune, maganarsa ta yi nauyi wata uku ke nan."

Gwaje-gwajen farko masu araha ne: awon hawan jini (in ka ji an ce ya kai 14/9, wato 140/90, ko ya haura, a bi shi a hankali), suga, yawan jini, da zazzaɓin sauro. Ƙarancin jini na kawo kasala, ƙarancin sinadarin ƙarfe kuma na jawo tsikarin ƙafa da ke hana barci, musamman ga mai ciki. A ambaci ƙwayoyin ƙiba da wasu mata ke sha, domin wasu na sa barci, wasu na hana shi. A ambaci baƙin ciki in akwai, musamman farkawa tun kafin asuba da kasa komawa. Wanda ya zauna a kudancin Chadi wajen Mandul, ko dazuzzukan kudancin Kamaru irin su Kampo da Bipindi, ya faɗa, saboda ciwon barci na ƙudan tsando. Ya yi ƙaranci sosai, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2024 cewa Chadi ta kawar da shi a matsayin barazana ga lafiyar jama'a, amma yana birkita barci da magana da hali, kuma maganinsa kyauta ne.

Gwajin barci na na'ura, wanda ake kwana da shi, an fi samun sa a manyan birane irin su Yawunde da Duwala. Kafin a sayi tikitin jirgin ƙasa daga Ngaundere, likita ya rubuta takardar turawa, a kira a ji kuɗin da ranar da za a samu, a haɗa da kuɗin masauki. In an tabbatar da toshewar numfashi mai tsanani, maganin da ya fi aiki shi ne na'urar CPAP mai hura iska ta hanci. Kuɗinta ɗaruruwan jaka ne, kuma tana son wuta duk dare, don haka a yi lissafin batir ko sola tun kafin a saya. Rage ƙiba da kwanciya ta gefe na taimakawa, ga mai ƙaramin ciwo wani lokaci su kaɗai sun isa.

Gargaɗi: yaron da ke minshari kullum yana barci baki buɗe, galibi naman maƙogwaro ko na bayan hanci ne ya kumbura. A kai shi wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Kada a kai shi wurin wanzami a cire masa beli, domin ba shi ne ya toshe hanyar ba, ga haɗarin zubar jini da shigar cuta. Duk maganin da aka fara, a ci gaba da cika littafin na wata guda, a koma da shi ranar da likita ya ce a dawo.